Beguwar Kumasi: Tarihin Ƙungiyar Asante Kotoko



Da wuya a samu gida a yankinmu wanda ba a taɓa ambaton Kumasi cikinshi ba. Wani kakanshi ya tafi da ƙafa, wani ubanshi ya tafi da mota, wani kuwa shi da kanshi ya yi dako ko tireda a babbar kasuwar garin. Waɗanda sunka dawo sun dawo da keke, da akwatin radiyo, da atamfa, sun kuma dawo da wani suna a baki, wato Kotoko. Yaranmu na lekwal sun san ƙungiyoyin Turai ƙwarai, suna lissafa ƴan wasansu ɗaya bayan ɗaya. Amma ran da munka tambaye su mi ne ne Kotoko, sai aji ya yi tsit. Shi ya sa munka ga ya kamata mu rubuta tarihin wagga ƙungiya tun dattawan da sunka gan ta da idonsu suna nan, su cika mana inda munka rage.

1. Gari da suna

Kumasi ita ce babban birnin Asante, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa. Goron da fatake ke ɗaukowa daga kasuwar Salaga, a ƙasar Gwanja, daga kurminsu ya ke fitowa. Turawan Ingila sun ƙone birnin a 1874. A 1896 sunka kama sarkinsu Prempeh na ɗaya, sunka fitar da shi daga ƙasa, har tsibirin Seshel, bai dawo ba sai 1924. Sai a watan Janairu na 1935 Turawa sunka yarda a maido da haɗin kan masarautar Asante a ƙarƙashin sarki Prempeh na biyu. Ku riƙe wagga shekara, domin za ta sake fitowa.

Kotoko a bakinsu ita ce beguwa. Tun zamanin yaƙi beguwa ce alamar masarauta. Kirarin da su ke yi mata, in an juya shi da Hausa, shi ne: ka kashe dubu, dubu za su taso. Wanda ya taɓa farautar beguwa ya san dalili, domin kibiyarta in ta faɗi wata na tsirowa. Saboda haka sunan ba na kowa ba ne, na fada ne, ba a ɗaukarshi sai da izinin sarki.

2. Direba da malamin lekwal

Tushen ƙungiyar ƙarami ne. Wani saurayi ɗan Kumasi, Kwasi Kumah, ya yi aikin direba a wurin wani hafsan sojan Ingila, ya ga yadda a ke wasan ƙwallo a Ankara, babban birnin Gana. Da ya dawo gida sai ya tara abokanshi, sunka kafa ƙungiya a 1926, sunka sa mata suna Ashanti United. Ba ta yi ƙarfi ba. Sunka canza mata suna, sunka ce Titanics, daga baya sunka ce Mighty Atoms, amma canjin suna bai ƙara mata kome ba. Galibin ƴan wasan ma'aikatan gwamnati ne, da an yi wa mutum canjin wurin aiki sai ya tafi ya bar gurbi.

A 1935 wani malamin lekwal na Kumasi, J.S.K. Frimpong, ya tara samarin makarantarshi, ya nemi izinin sarki Prempeh na biyu a ba ƙungiyar sunan Kotoko. Sarki ya yarda, ya kuma karɓi zama uban ƙungiya. Ran 31 ga Agusta 1935 anka yi bukin kafa Asante Kotoko. Ke nan cikin shekara guda masarauta ta dawo, ƙungiya kuma ta samu sunanta. Tun daga ranar, duk wanda ya hau gadon sarautar Asante shi ne uban Kotoko: Prempeh na biyu har rasuwarshi a 1970, sai Opoku Ware na biyu har 1999, sai Osei Tutu na biyu. Shugabannin gudanarwa suna zuwa suna tafiya, wani lokaci da rikici, amma akwai wanda ke bisansu duka, wanda in ya yi magana a ke saurara. Rigarsu ja ce.

Babbar kishiyarta ita ce Hearts of Oak ta Ankara, wadda anka kafa tun 1911. Gana ta samu ƴancin kai a 1957. A 1958 anka yi gasar kofin ƙalubale ta ƙasa karo na farko, Kotoko ta doke Hearts a wasan ƙarshe da ci 4 da 2. A 1959 ta zama zakarar gasar ƙasa karo na farko. Daga nan zuwa yau ta ɗauki wagga gasa fiye da sau 20, har da shekara huɗu a jere daga 1980 zuwa 1983, har da ta 2022.

3. Baba Yara da ƙungiyar gwamnati

Tauraron farko da ya kamata mu ambata shi ne Usman Seidu, wanda duniya ta sani da Baba Yara. Ba sai mun fassara wa Bahaushe wanga suna ba. An haife shi a Kumasi a 1936, ya shiga Kotoko a 1955. A gefen dama ya ke wasa, da gudu da iya yanka, har anka yi mishi laƙabi da sarkin ƴan gefe na Afirka ta Yamma.

A 1961 shugaba Kwame Nkrumah da daraktan wasanninshi Ohene Djan sunka ƙaddamar da wata ƙungiya ta gwamnati, Real Republikans. Niyyarsu a samu ƙungiyar koyi wadda za ta zama ƙashin bayan ƴan wasan ƙasa. Hanyar da sunka bi ita ce ɗebo gwanaye daga kowace babbar ƙungiya. Daga Kotoko anka ɗauke Baba Yara da mai tsaron baya Dogo Moro. Mutanen Kumasi sun ji zafin abin ƙwarai, domin dama tsakaninsu da gwamnatin Nkrumah akwai tsohuwar tsama ta siyasa.

Gaskiya Republikans ta yi ƙarfi. Ta zama zakarar ƙasa a 1963, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale sau huɗu a jere. Amma a cikin tafiyarta ne ƙaddara ta faɗa wa Baba Yara. Ran 24 ga Maris 1963, suna dawowa daga wasa a yankin Volta, motarsu ta yi haɗari a Kpeve. Ya karye a ƙashin baya, shina da shekara 26. Anka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, anka dawo da shi bai iya tafiya ba. Ya yi shekara shida a kwance, ya rasu ran 5 ga Mayu 1969. A 2004 anka sa wa babban filin wasa na Kumasi sunanshi, filin da ke ɗaukar mutum wajen 40,000. Shugaban ƙasa na lokacin, John Kufuor, shi kanshi ya taɓa shugabantar Kotoko.

Republikans fa? Ran 24 ga Fabrairu 1966 soja sunka hamɓarar da Nkrumah. Ba a jima ba anka rushe ƙungiyar, ƴan wasa kowa ya kama gabanshi. Ba ta da gari, ba ta da unguwa, babu wanda ya fito ya ce a bar mana abinmu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Shekara biyar ta yi a duniya. Kotoko da anka ɗebe wa gwanaye ta zama zakara a 1964 da 1965, tun Republikans na raye, ta sake zama a 1967, da 1968, da 1969.

4. Hanyar Kinshasa

Kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka shi ne babban abin da kowace ƙungiya ta nahiyarmu ke nema. Kotoko ta kai wasan ƙarshe na wanga kofi sau bakwai. Sau biyu ta ɗauka, sau biyar ta rasa. A ganinmu, wanda ya ba da labarin biyun ya bar biyar bai ba da tarihin Kotoko ba.

Na farko a 1967 ne, da Tout Puissant Englebert ta Lubumbashi a ƙasar Kwango, wadda yau a ke kira TP Mazembe. Anka yi 1 da 1 a Kumasi, anka yi 2 da 2 a Kinshasa. Hukumar ƙwallo ta Afirka ta yanke a yi wasa na uku a Yawunde ta Kamaru. Englebert ta je, Kotoko ba ta je ba, anka ba Englebert kofi ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Mutanen Kumasi sun ce saƙon ne bai iso musu ba. Ko ma mi ne ne, kofin Afirka ya kuɓuce saboda takarda.

Kafin mu ci gaba sai mun tsaya ga shekarar 1969, domin ta shafe mu. Ran 18 ga Nuwamba, gwamnatin Kofi Busia ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita daga Gana cikin kwana 14. Dubban mutane sunka kama hanya, ƴan Nijeriya, da ƴan Togo, da Mosawa, da namu ƴan Nijar. Wasu an haife su a Zango, ba su taɓa ganin ƙasar iyayensu ba. Wasu sun saida rumfa da kaya a wulaƙance. Dattawa da yawa da za su karanta wagga takarda, ko a karanta musu, suna cikin waɗanga motoci, sun fi mu sanin abin da ya faru. Abin da mu ke so a lura da shi shi ne, wata 14 bayan wagga doka Kotoko ta yi babbar nasararta, waɗanda sunka bar Kumasi kuwa sai a radiyo sunka ji, suna zaune a gida.

Gasar 1970 ce, amma wasan ƙarshe ya faɗo a Janairun 1971, kuma da Englebert ɗin nan dai. A Kumasi anka tashi 1 da 1, mutane da yawa sunka fid da rai. Ran 24 ga Janairu anka haɗu a Kinshasa, shugaba Mobutu na zaune a fili. Abukari Gariba ya ci wa Kotoko, Englebert ta rama. Alƙalin wasa ya ba Englebert fanalti. Mai tsaron gidan Kotoko shi ne Robert Mensah, dogon mutum mai wata hula da ba ya rabuwa da ita, wadda abokan gaba ke cewa akwai asiri cikinta. Ana ba da labari cewa sai da anka matsa mishi ya cire ta kafin a buga. Ya cire, ya tsaya, mai bugun ya ɗaga ƙwallo ta bi ta bisa raga. Kusa da tashi Malik Jabir ya ci na biyu. Kotoko 2, Englebert 1. Karo na farko ke nan da wata ƙungiyar Gana ta ɗauki kofin Afirka. Sarki Prempeh na biyu, wanda ya ba da sunan, ya rasu a watan Mayu na 1970, wata takwas kafin ranar.

Ku sake duba sunayen: Abukari, Malik, da madugun tsakiyar fili Ibrahim Sunday. Ƙungiya ce ta sarkin Asante, da alamar yaƙin Asante a ƙirji, amma Musulmi sunka ci mata ƙwallayen da sunka kawo kofi. Kotoko ba ta tambayar ɗan wasa addininshi ko asalin ubanshi kafin ta ba shi jar riga. Mu dai a nan mu ke ganin dalilin da ya sa baƙo mai dako a kasuwa, wanda ba ya jin yaren gari sosai, shi ma ya ke cewa "mun ci" in Kotoko ta ci.

Daɗin bai daɗe ba. Ran 2 ga Nuwamba 1971 Robert Mensah ya rasu, bayan an soke shi da fasasshiyar kwalba cikin wata rigima a gidan shaye-shaye a Tema. A ƙarshen wannan shekara Kotoko ta sake kai wasan ƙarshe, da Canon ta Yawunde. Ta ci 3 da 0 a Kumasi, Canon ta ci 2 da 0 a gida. Ta lissafin jimillar ƙwallaye Kotoko ce gaba, amma dokar lokacin ta ce kowa ya ci wasa ɗaya, sai a yi na uku. Anka yi shi a Yawunde, Canon na gaba da 1 da 0 rikici ya tashi, wasa bai kai ƙarshe ba, kofi ya tsaya Kamaru. Abin da ya ɗan sanyaya zuciya shi ne mujallar France Football ta zaɓi Ibrahim Sunday gwarzon ɗan wasan Afirka na 1971. A 1975 ya tafi Werder Bremen, ya zama ɗan Afirka na farko da ya buga babbar gasar Jamus.

A 1973 kuma sai AS Vita Club ta Kinshasa. Kotoko ta ci 4 da 2 a gida, ta je Kinshasa anka ba ta 3 da 0. Cikin shekara bakwai, wasan ƙarshe huɗu, kofi ɗaya.

5. Ramuwa kan Al Ahly

Anka yi shekara tara Kotoko ba ta sake kai wasan ƙarshe ba. A tsakani ta fid da wani tauraro, Karim Abdul Razak, haifaffen Kumasi, wanda ya taimaki Gana ta ɗauki kofin ƙasashen Afirka a 1978, anka kuma zaɓe shi gwarzon Afirka a wannan shekara. Ke nan ƴan wasan Kotoko biyu sun samu wagga daraja.

A 1982 ta haɗu da Al Ahly ta Misira. A Alƙahira anka ci ta 3 da 0, a Kumasi anka yi 1 da 1, Misirawa sunka ɗaga kofi a gaban mutanen Kumasi. Shekara ta zagayo, 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa a Gana, shekarar da Nijeriya ta koro ƴan Gana masu ɗimbin yawa gida. Ƙungiyoyin biyu sunka sake haɗuwa a wasan ƙarshe. Wanga karo mai horar da Kotoko shi ne Ibrahim Sunday. Ya je Alƙahira ya toshe gida, anka tashi babu ci. A Kumasi, cikin watan Disamba, Opoku Nti ya ci ƙwallo ɗaya, ita ce ta raba gardama. Sunday ya ɗauki kofin shina ɗan wasa, ya kuma ɗauke shi shina mai horarwa.

Ku lura, duka kofunan biyu daga hannun wadda ta taɓa hana ta Kotoko ta karɓo su. Englebert ta hana a 1967, anka karɓa a hannunta a gasar 1970. Al Ahly ta hana a 1982, anka karɓa a hannunta a 1983. Kirarin beguwa bai faɗi ƙasa banza ba.

6. Shekarun ƙishirwa

Tun 1983 babban kofin bai sake komawa Kumasi ba. A 1993, shekarar da gasar Gana ta zama ta ƙwararru masu albashi, Kotoko ta kai wasan ƙarshe na bakwai, da Zamalek ta Misira. Babu ci a Kumasi, babu ci a Alƙahira, Zamalek ta ɗauka a bugun fanalti 7 da 6. A 2002 ta kai ƙarshen kofin masu riƙe da kofunan ƙalubale, Wydad ta Maroko ta ɗauka saboda ƙwallon da ta ci a Kumasi. Wanda ya fi ciwo shi ne kofin Confédération na 2004, da anka ƙare a Janairun 2005: ita da Hearts of Oak, 1 da 1 a Ankara, 1 da 1 a Kumasi, Hearts ta ci a fanalti 8 da 7 a cikin gidan Kotoko.

Akwai ranar da ta fi duk waɗanga baƙi. Ran 9 ga Mayu 2001, a filin wasa na Ankara, Hearts ta ci Kotoko ƙwallo biyu kusa da tashi, ta koma gaba 2 da 1. Magoya bayan Kotoko sunka hasala, sunka fara jifa da kujeru da robobin ruwa. Ƴan sanda sunka harba hayaƙi mai sa hawaye cikin taro. Mutane sunka ruga neman fita, ƙofofi kuwa a rufe. Mutum 126 sunka mutu, galibi saboda matsi da rashin numfashi. Kowace shekara ana tunawa da su, magoya bayan ƙungiyoyin biyu tare. Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu.

Dalilin ƙishirwar ba ɓoyayye ba ne. A zamanin Baba Yara da Malik Jabir, ɗan wasa shina iya yin ƙuruciyarshi duka da riga ɗaya. Yau da yaro ya nuna gwaninta shekara ɗaya ko biyu, sai masu kuɗi na Turai ko na ƙasashen Larabawa su ɗauke shi. Ƙungiyoyin Misira, da Maroko, da Tunisiya, da Afirka ta Kudu suna da dukiyar riƙe nasu, Kotoko ba ta da irinta. Mu da garuruwanmu ke zama wayam bayan girbi mun san wanga ciwo, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Duk da haka tarihi bai manta da ita ba. Hukumar ƙwallo ta Afirka ta zaɓi Al Ahly a matsayin ƙungiyar ƙarni na 20. Amma ƙungiyar masu lissafin tarihin ƙwallo ta duniya, IFFHS, da ta ƙidaya sakamakon wasannin nahiya na ƙarnin, sai ta sa Asante Kotoko a gaba, ta bayyana hakanan a 2009.

7. Abin da munka gani

In munka jera Kotoko da Real Republikans, ɗaya gwamnati ta haife ta da ƙarfin iko, ta tara mata gwanayen ƙasa, ta mutu tare da gwamnatin. Ɗayar direba ya fara ta, malamin lekwal ya nemo mata suna, sarki ya tsaya mata, talakawan gari da baƙin Zango sunka biya kuɗin ƙofa mako bayan mako. An ɗebe mata ƴan wasa, ta rasa kofi saboda saƙo, ta rasa wani a cikin rikici, ta binne mai tsaron gidanta da magoya bayanta. A 2025 ta cika shekara 90 da sunanta.

Muna roƙon dattawan da sunka zauna Kumasi, waɗanda sunka ga Baba Yara ko Razak ko Opoku Nti da idonsu, ko sunka saurari wasan Kinshasa a radiyo, su ba ƴaƴansu da jikokinsu labarin, su kuma aiko mana da abin da sunka tuna mu rubuta. Ƴan uwa da ke can yanzu, in kun bi ta filin Baba Yara, kun dai san ko wane ne mai sunan.

Allah ya kai mu wata fitowa lafiya, ya dawo da matafiya gida da alheri.